Tsofaffin takardun kamfani da na kanti: kurakuran da aka fi yi wajen ajiyarsu

Jama'a yau maganar takardu nake son mu yi, irin waɗanda iyaye ke bari in kamfani ya rufe ko kanti ya mutu, littafin lissafi, rasit, lasin, hotuna, sikeli, har allon suna. Sakkwato an yi kasuwanci ba na wasa ba, fatar jar akuyarmu har Turai ake neman ta, ga kamfanin siminti na Kalambaina da aka kafa tun 1962, ga dillalan fata da kirgi da suka yi hulɗa da kamfunan Turawa. Amma ka ce ma jikan dillali ya nuna maka littafin kakanshi, sai ya ce gara ta cinye ko an ba mai ƙosai.

A Dublin ta ƙasar Ayalan kamfanin giyar nan Guinness, ba giyar nake talla ba Allah shi kiyashe mu, har yau suna riƙe da takardar hayar filinsu ta 1759, hayar shekara 9,000 a kan fam 45 duk shekara, kuma mutane na bin littattafan ma'aikatansu suna gano kakanninsu. To mu mi ya hana?

Babban kuskure a ganina ranar rabon gado ake yin shi. Kowa na son abin tunawa da Baba, sai Yaya ya ɗauki littafi biyu, Inna ta riƙe hotuna, wanda ke Abuja ya tafi da fayil ɗin banki, sauran a ce shara ce. Alhali takardun kasuwanci da junansu suke magana, rasit ba ya da ma'ana sai ka ga inda akawu ya shigar da shi a littafi, wasiƙa kuma sai da amsarta. A yarda mutum ɗaya ya riƙe duka a matsayin amana, a rubuta jerin abin da ke ciki kowa ya sa hannu, sauran magada a ba su hoton takardun. Kuma don Allah kar wani ɗan boko ya zo ya ce zai tsara su, ya ware rasit gefe wasiƙu gefe. Yadda akawu ya bar su haka za a bar su, jerin nan shi ma shaida ne na yadda ake tafiyar da aikin.

Sai wurin ajiya. Yawanci sito ake jefa su a ƙasa cikin buhu ko a cusa saman silin ƙarƙashin kwano, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Zafi na sa takarda ta bushe ta riƙa karyewa, ƙasa kuma hanyar gara ce, damina ta zo rufi ya yi yoyo ba wanda ya sani. Ɗakin ciki mai iska za a nema, a sa su cikin kwali mai tsabta ko akwatin ƙarfe marar tsatsa, a ɗora kan kanta nesa da ƙasa kuma ba jingine da bango ba, a riƙa dubawa, musamman farkon damina. Leda da ake ɗaurewa tam tana riƙe laima, fumfuna ta fito. Piya-piya kuma a fesa ma ɗaki in an fitar da kayan, ba a kan takardar ba.

In ruwa ya riga ya taɓa su kar a shanya a rana, kar a sa ayan. A shimfiɗa a inuwa a kunna fanka, cikin sauri, don kwana biyu sun isa fumfuna ta kama. Shafin da ya manne kar a ɓamɓare shi da ƙarfi.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi, laminatin. Mutum da kyakkyawar niyya zai ɗauki takardar rajistar kamfani ta zamanin fam da sule, wato kafin naira ta shigo a 1973, ya kai shagon kwamfuta a gasa ta cikin roba, yana ganin ya cece ta. Wallahi kashe ta ya yi, zafi da gam sun shiga jikinta kuma ba ta fitowa lafiya har abada. Rasit ɗin POS ma in ya ji wannan zafin baƙi ƙirin yake komawa, ko ba a taɓa shi ba rubutun ɓacewa yake, shi hotonshi ake ɗauka tun da wuri. Salatif shi ma haka, bayan 'yan shekaru ya ɓare ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutun. Takardar da ta yage a sa ta tsakanin farar takarda biyu a ƙyale ta. Fil mai tsatsa da robar ɗaure kuɗi a cire su a hankali, in za a yi alama da fensir za a yi a bayan fayil, ban da biro. Ai malamanmu ganye-ganye suke ajiye littattafai cikin gafaka babu gam babu ɗinki, kuma ga su nan har yau.

Kayan ƙarfe kuma 'yan gwangwan ke kwashewa da kilo. Sikelin auna fata, hatimin kamfani, sef, tafireta, allon ƙofa. Waɗanda suka tsira sai a goge su da sanfefa a shafa sabon fenti wai su yi kyau, sunan kamfanin da ya ƙera da lambarshi su tafi. Tsumma busasshe ya isa. A ɗaura ma kowanne 'yar takarda, na wane ne, a wane shago, mi ake yi da shi, don sikelin da ba a san mai shi ba ƙarfe ne kawai.

Hoto a waya yana da kyau, gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ta isa ta nuna muna cewa kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Amma a ɗauka shafi bayan shafi har bango, cikin haske ba filas, kar a tura ta WhatsApp a matsayin hoto don yana rage kyanshi, a tura a matsayin fayil, a ajiye wuri biyu ko uku. Kuma ɗaukar hoto bai ba ka izinin zubar da na asali ba. Littafin bashi kar a kai shi Facebook, sunayen mutane ne a ciki, 'ya'yansu na nan garin.

Abin da ake mantawa shi ne tsohon akawu da direba da maigadi. Su suka san mi alamar jan biron nan ke nufi, su suka san waye a hoton. A je a gaishe su, Baba don Allah duba muna wannan, a buɗe littafin gabansu a kunna rikoda in sun yarda.

In gidan ba wurin ajiya, ko ana jin za a yi rigima a kai, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu nan cikin gari, akwai Arewa House da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, malaman tarihi na jami'ar Ɗanfodiyo ma za su iya ba da shawara. Sai dai kafin a miƙa a rubuta yarjejeniya, kyauta ce ko ajiya, wa ke da izinin karantawa, kuma a karɓi takardar shaida mai jerin duk abin da aka kai.