Yadda Yahudawa ke azumin Yom Kippur

Yom Kippur ita ce ranar neman gafarar zunubai a addinin Yahudawa. Azumin yana faɗowa ranar 10 ga watan Tishri na kalandarsu, yana ɗaukar kusan awa 25, daga gab da faɗuwar rana har taurari su fito washegari. Ba ci, ba sha, ba wanka ko shafa mai, ba takalmin fata, ba saduwar aure.

Kafin ranar, ka je ka nemi yafiyar wanda ka zalunta, domin a koyarwarsu azumi ba ya share haƙƙin mutum. Ka rage shan kofi tun saura kwana uku, don yanke shi farat ɗaya ke jawo ciwon kai. A abincin ƙarshe ka rage gishiri, ka sha ruwa sosai.

Addu'o'i biyar ake yi a ranar, ana rufewa da wadda ake kira Ne'ila da busa ƙahon da ake kira shofar. Wanda azumin zai jefa rayuwarsa cikin haɗari, dole ya ci.