Yadda Ake Shirya Hutun Ƙarshen Mako a Nafplio, Tsohon Garin Bakin Teku na Girka

Nafplio gari ne ƙarami a yankin Peloponnese, kimanin kilomita 140 daga Atina. Shi ne babban birnin Girka bayan ta ƙwaci 'yancinta daga Daular Usmaniyya, kafin a mayar da fadar mulki Atina a 1834. Kwana biyu sun ishe shi, muddin ba ka cika wa kanka buri ba: abu babba guda ɗaya a kowace rana, saura kuwa yawo da zama.

Fara da zaɓen lokaci. Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba zuwa Oktoba, su ne daidai. A Yuli da Agusta rana na dukan duwatsun garin sosai, ga cunkoso. Ka guje wa makon Ista na Cocin Orthodox, domin mutanen Atina kan kwararo, ɗakuna su yi tsada. Girka na cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ta bai ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza, kuma kuɗinsu Yuro ne.

Batun hanya mai sauƙi ne. Motocin bas na KTEL na tashi daga tashar Kifissos a Atina, tafiyar awa biyu da ɗan ɗoriya. Daga filin jirgi, bas mai lamba X93 ce ke kai mutum tashar. Sayi tikitin dawowa tun da wuri, saboda motocin yammacin Lahadi kan cika. Idan motar haya ka ɗauko, ajiye ta a babban filin da ke bakin tashar jiragen ruwa, don lungunan tsohon gari na masu tafiya a ƙasa ne.

Wajen kama masauki ne mutane suka fi yin kuskure. Tsohon garin ya hau gangaren tudun Akronafplia, kuma yawancin ƙananan masaukai tsofaffin gidaje ne marasa lif. Hoton tagar da ke kallon teku kan ja hankali, sai mutum ya iso ya tarar da matakala masu yawa, ga akwati a hannu. Tambayi mai gidan hawa nawa ne kafin ka biya. Mai ciwon gwiwa ko mai tafe da dattijo ya nemi ɗaki kusa da dandalin Syntagma, inda ƙasa take a shimfiɗe.

Safiyar Asabar ta ganuwar Palamidi ce, wadda mutanen Venice suka gina tsakanin 1711 da 1714 a kan dutse mai tsayin mita 216. 'Yan gari na cewa matakalarta 999 ne. Ka fara hawa da zarar an buɗe ƙofa, da gorar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, domin sawu ya goge duwatsun har sun yi santsi, inuwa kuma babu. Dabara mafi sauƙi ita ce ka hau tasi ta hanyar mota da ke bayan dutsen, sannan ka sauko a ƙasa, rufin jan tayil na garin da shuɗin teku suna gabanka. A ciki akwai ɗan kurkukun da ake nunawa a matsayin inda aka tsare Kolokotronis, jagoran yaƙin 'yanci. Sai ka sunkuya kafin ka shiga. Da hunturu wuraren tarihi na rufewa tun la'asar ba ta yi ba, ka duba lokaci.

Bayan azahar ka huta, haka 'yan gari ke yi. Da yamma ka zauna a Syntagma. A gefen dandalin akwai tsofaffin masallatai biyu na zamanin Turkawa da aka sauya wa aiki. A ɗaya daga cikinsu majalisar dokokin Girka ta taɓa zama. Kusa da nan cocin Agios Spyridon yake, inda aka kashe Kapodistrias, shugaban ƙasar na farko, a 1831. Akwai kuma ɗan gidan tarihi na komboloi, wato carbin da Girkawa ke ja don ɗebe kewa ba don ibada ba.

Abincin dare sai wajen ƙarfe tara ake zama. Ka lura: gyros (gasasshen nama mai kama da shawarma) da souvlaki (irin tsire) galibi naman alade ne idan ba a faɗa ba. Ka ce "kotopoulo" idan kaza kake so, ko ka tsaya kan gasasshen kifi, salak da cukuin feta, da wake. Wasu miyar nama ana zuba musu giya, ka tambaya.

Ranar Lahadi, ƙaramin kwalekwale zai kai ka Bourtzi, ganuwar tsakiyar ruwa da aka gina a 1473, cikin 'yan mintoci. Idan iska ta taso ba sa tashi. Daga nan ka bi hanyar Arvanitia mai zagaye gindin tudu, kimanin kilomita ɗaya, ko da yake akan rufe ta idan duwatsu na zubowa. Kufan tsohon birnin Mycenae da tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Epidaurus duk suna kusa, amma ka zaɓi ɗaya kawai, kuma ka shirya da mai tasi ya jira ka, domin motocin bas kan yi ƙaranci ranar Lahadi.