Yadda za ka zaɓi tsakanin tsohuwar Golf GTI da sabuwa

A Arewa babu wanda bai san Golf ba. Golf 3 ta daɗe tana jigilar fasinja da kaya tsakanin garuruwanmu, kuma da wuya ka shiga garejin da babu mai iya kwance injinta ya mayar. Wannan sabon da aka yi da ita ne ke ruɗar masu neman GTI, wato samfurin Golf mai ƙarfi da gudu, sai su ɗauka ai Golf ce, ko ina za a gyara. GTI tun daga ta 2004 zuwa yau wata mota ce daban: injin turbo mai lita 2, mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ga kwamfuta da ke lura da komai. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da GTI a 1976 da ƙarfin doki 110, yanzu ana kan samfuri na takwas. Waɗanda mai saye zai yi ta auna wa a yau su ne Golf 5, 6, 7 da 8. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na farko: ka duba hanyar da za ka riƙa bi

GTI ta fi Golf ta yau da kullum kusanci da ƙasa da kimanin milimita 15, shokozobanta sun fi tauri, kuma yawancinsu na zuwa da rim mai inci 17 ko 18 da taya marar kauri. Idan layinku na cika da ruwa da damina, ko hanyar ƙauyenku ramuka ce zalla, to tsohuwa da sabuwa duk wahala za su sha. In ka ga hanyarka za ta ɗauka, ka fifita mai rim 17. Ta fi jure rami, tayarta kuma ta fi araha.

Mataki na biyu: ka san kowace da cutarta

Nan ne ainihin aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Golf 5 GTI ta fito ƙarshen 2004 da ƙarfin doki 200. Ita ce ta dawo wa sunan GTI da martabarsa bayan Golf 3 da Golf 4 sun yi nauyi sun rage zafi. An sake mata tsarin ƙafafun baya, kowace taya tana motsi da kanta, shi ya sa take kama kwana da kyau, kuma har yau akwai masu cewa sitiyarinta ya fi na ƙannenta gaya wa direba abin da ke ƙarƙashin taya. Yawancinsu injin EA113 gare su, mai bel ɗin taimin. Idan mai motar ba shi da shaidar ranar da aka canja bel ɗin, ka ƙaddara ba a canja ba, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tare da famfon ruwa. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai kamar murfin kwalba da ke zaune tsakanin famfon fetur mai matsin lamba da kamshaf. Yana cinyewa a hankali. Shi kansa ba shi da tsada, amma in ya huje sai ya ci kamshaf da famfon gaba ɗaya. Bakaniken da ya san motar zai cire ya nuna maka cikin ɗan lokaci. Ka kuma sani cewa waɗanda aka sayar a Amurka daga tsakiyar 2008 sun koma sabon inji mai sarƙa, saboda haka lambar inji za ka duba, kada ka tsaya ga shekara kawai: AXX, BWA da BPY masu bel ne, CCTA da CBFA masu sarƙa.

Golf 6 GTI, daga 2009 zuwa 2013, ginin Golf 5 ce aka gyara wa jiki da ciki. Ta fi shiru, kayan cikinta sun fi kyau, ƙarfinta doki 210 a ƙirar Turai, 200 a ta Amurka. Injinta EA888 ne mai sarƙa, kuma a nan babbar matsalarta take. Tenshonar da ke ɗame sarƙar a na farko-farko tana iya sakewa, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul ya daki fistin, inji ya tashi aiki. An fitar da gyararriyar tenshona daga baya, kuma akwai wata 'yar kafa a murfin taimin da ake leƙawa a ga wacce ke ciki. Ni dai ba zan biya kuɗin Golf 6 ba sai an leƙa wannan kafa a gabana. Idan tsohuwar tenshona ce, ko a rage kuɗin gyaran daga farashi, ko ka haƙura da motar. Ita da Golf 5 duka suna tara baƙin dauɗa a bayan bawul ɗin shigar iska, domin fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke shi. Alamarsa rawar inji da safe da raguwar ja.

Golf 7 GTI ta shigo Turai a 2013, Amurka kuma a matsayin ƙirar 2015. Sabon gini ne daga tushe, ta fi sauƙin nauyi, ta fi faɗin ciki, ta fi tsimin mai. A ƙirar Turai ƙarfinta doki 220, ko 230 a wadda ake kira Performance, mai manyan birki da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba a kwana. Abin da direba zai fi ji a jikinsa shi ne ƙarfin juyi, wanda ya tashi daga Nm 280 a Golf 6 zuwa Nm 350, wato tana ɗauka tun daga ƙasa ba sai an matsa mata totur ba. A 2017 aka sabunta ta, ƙarfi ya koma 230 da 245. Cutarta sananniya ce: gidan famfon ruwa da tamostat na roba ne, yana fara yoyo. Wasu na farko-farko kuma turbo ɗinsu ya ba da matsala. Yoyon ruwa abu ne da ake gani a gyara kafin ya yi ɓarna, ba kamar sarƙar da ke tsallakewa ba sallama ba. Wannan ne ya sa, a ganina, Golf 7 ta fi kowacce dacewa da mai son ya hau motarsa kullum.

Golf 8 GTI ta zo a 2020 da doki 245. Ta fi gudu da iya kwana, amma an kwashe maɓallai an mayar da kusan komai kan allon taɓawa, har da esi, kuma masu na farko sun yi ta kuka da manhajar motar. A sabuntawar 2024 an dawo da maɓallai na gaske a sitiyari, ƙarfi ya kai 265, sai dai an daina yin mai giyar hannu. Mota ce mai kyau ga wanda ke kusa da garejin da ke da na'urar da za ta iya magana da ita.

Mataki na uku: nemi bakanike kafin ka nemi mota

Mutane suna juya wannan tsari, su sayi mota sannan su fara cigiyar mai gyara. Ka fara zuwa garejin masu motocin Jamus a garinku ka yi tambaya. Wace GTI ya taɓa buɗewa? Yana da na'urar binciken Volkswagen irin VCDS, ko ƙaramar da ke goge fitilar gargaɗi kawai? Wane baƙin mai yake zubawa? Idan ya ce 20W-50 irin na tasi, ka nemi wani. Injunan Golf 5, 6 da yawancin 7 suna son mai da ke ɗauke da lambar amincewar VW 502 00 ko 504 00 a jikin galan. Idan kuma yana cikin masu cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, ko masu cika lagireto da ruwan rijiya, shi ma ka wuce shi. Ruwan sanyaya inji na G12 ko G13 motar take sha.

Daga nan ka leƙa kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa in kana Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja. Ka tambayi famfon ruwa, koyil, fulogi da fitilar gaba na samfurin da kake so, ka ji ko suna nan a ƙasa ko sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga waje. Amsar da ka samu a nan za ta iya yanke maka hukunci tun kafin ka ga mota. Mafi sabuntar samfuri, mafi yawan kayan da sai an yi oda, kuma da dala ake biya.

Mataki na huɗu: giyar hannu ko DSG

DSG giya ce mai canja kanta da kulochi biyu, tana canji da saurin da hannu ba zai kamo ba. Mai hawa shida da ke cikin Golf 5, 6 da yawancin 7 tana buƙatar canjin mai da tacewa duk kilomita 60,000. In an kiyaye tana daɗewa. In ba a kiyaye ba, ƙwaƙwalwar giyar ce ke lalacewa, gyaranta kuma ba na wasa ba ne. A tsohuwar mota marar takardun sabis, giyar hannu ta fi kwanciyar hankali. A Golf 7 mai tarihi a rubuce, musamman ga mai fama da cunkoso kullum, DSG ta cancanci kuɗinta.

Mataki na biyar: duba motar da kanka

Ka sa a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi. Kai za ka tsaya a gaba wani ya tayar. Ƙarar sarƙa a daƙiƙun farko, ko shuɗin hayaƙi daga salansa, dalili ne na tsayawa. A sa na'ura a karanta duk kwamfutocin motar, ba na inji kaɗai ba. Ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka gwada tashi a hankali da ribas, ka ji ko giya na fizga. Bayan kun dawo ka sunkuya ka duba ƙarƙashin inji da gefen famfon ruwa, ko akwai busasshen tabo mai ruwan hoda.

Idan ƙirar Amurka ce, ka ɗauki lambar VIN mai harufa da lambobi 17 ka binciki tarihinta a intanet. Motoci da yawa da ke shigowa an saye su ne a gwanjo bayan haɗari ko ambaliya. Mai haɗari ana iya gyara ta da kyau, amma wadda ruwa ya shanye wayoyinta ba za ta daina ba ka mamaki marar daɗi ba. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Ka tuna mitarta da mil take ƙirga, mil 100,000 ya kai kusan kilomita 160,000. Ƙirar Ingila da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, kada ka ko taya. Sannan ka tambaya ko an taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi, domin GTI na cikin motocin da matasa suka fi yi wa haka, kuma kulochi da turbo ne ke biyan bashin.

Takardun kwastam ma a tabbatar da su kafin kuɗi ya bar hannunka.

Mataki na shida: lissafi

Buɗe murfin tankin mai, akwai takarda a ciki da ke faɗin irin fetur ɗin da injin ke so. Injin turbo ba ya yafe gurɓataccen mai, saboda haka mai GTI ba abokin cinikin 'yan bumburutu ba ne, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kuɗin mai ya zama abin sa wa a lissafi da gaske. A nan Golf 7 da 8 sun fi na baya sauƙi.

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka wajen saye. Ka ware kuɗin sabis na farko: baƙin mai, fulogi, man DSG, ruwan sanyaya inji, da babban gyaran da ya shafi samfurin da ka zaɓa. Idan bayan ka ware wannan kuɗinka ya kai Golf 7 mai tsabta, ita za ka saya. Idan bai kai ba, Golf 5 mai giyar hannu da aka kula da ita ta fi Golf 7 mafi araha a filin dillalai, wadda galibi akwai dalilin arhar tata. Golf 6 kuwa sai in an nuna maka sabuwar tenshona da idonka, ko ka wuce da ita gareji kai tsaye daga wurin ciniki a canja.