Yadda za ki koya wa 'yan nazare kula da haƙora

Malama, ɗan shekara huɗu ba ya riƙe dogon bayani, abin da hannunsa ya yi shi ke zama masa a ka. Saboda haka darasin nan na minti goma ne kullum, a lokaci ɗaya. Wanda ya fi dacewa shi ne bayan an dawo daga tara.

Tanadi buroshi mai ƙaramin kai da taushin baki ga kowane yaro, da sunansa a jiki, sai buta, bokitin tofarwa da man goge baki. Juya kwalin man ki duba, ki ga an rubuta fluoride aƙalla 1,000 ppm, domin shi ne ke ƙarfafa haƙori.

Ranar farko ba a sa buroshi a baki. Kife kiret ɗin ƙwai na roba, ki shafe tudun da kaurin koko, ki ce haƙora ne. Bar su su goge. Da idonsu za su ga kokon ya maƙale a lunguna, mai gaggawa kuma ya bar rabi.

Washegari sai a koma baki. Kada ki matsa man kai tsaye a buroshi bayan buroshi, hanyar yaɗa cuta ce. Ɗiɗɗiga shi a gefen faranti mai tsabta, kowa ya lakaci nasa. Daga shekara 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ya isa, wanda bai kai 3 ba kuwa kamar ƙwayar shinkafa. Tsaya a gabansu kina yi suna bi: gaban haƙora, cikinsu, sannan saman matauna, ana murzawa a hankali inda haƙori ya haɗu da dasashi, har minti 2. Waƙar aji da suka haddace tana taimaka wa ƙirgen lokaci. In an gama a tofar, kada a kurkure. Mun saba da kurkurar alwala, hannun yaro zai kai ga buta da kansa, amma ruwan yana tafiya da maganin. A ɗauraye burosan, a jera su a tsaye ba su taɓa juna, kada a ƙulle su a leda. A canza duk wata 3, ko da zarar bakin buroshin ya baje.

Asuwaki sunna ce, ki yaba wa mai yi, sai dai a zaune, ban da gudu da shi a baki. Gawayi da toka kuwa kankare haƙori suke yi.

Maganar zaƙi ita ce mai wuya, ga mai talla a bakin ƙofa da alawa, gullisuwa da iloka. Ƙwayoyin cutar baki suna mayar da sukari sinadari mai tsami da ke cin haƙori, yawu kuma yana buƙatar kusan rabin awa ko fiye kafin ya gyara. Yaron da ya wuni yana tsotsar alawa ya fi wanda ya cinye tasa tare da abinci cutuwa. Roƙi iyaye su sa ayaba, yalo, dafaffen ƙwai da ruwa a maimakon lemon kwalba.

Za ki ji uwa ta ce, "Ai na famfara ne, zai faɗi." Haƙoran yarinta 20 ne, kuma matauna na can ciki ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Wajen shekara 6 turmin dindindin na farko ke fitowa a bayansu, ba tare da komai ya faɗi ba, shi ya sa ake sakaci da shi har ya yi kogo. Ki gaya mata gogen dare ya fi na safe muhimmanci, kuma ta riƙa kama masa har ya kai 7.

Sau ɗaya a wata ki sa su yi "aaa" a bakin taga. Farin tabo kamar alli kusa da dasashi, baƙin rami ko kumburi, duk na likitan haƙori ne, a Kano akwai su a Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. In yaro ya faɗi haƙorin yarinta ya fita, kada a mayar da shi. Danna wurin da tsumma mai tsabta, ki kira iyayensa.