Yadda ɗalibin jami'a zai sayi littattafansa a Maraɗi ba tare da asara ba

Duk farkon shekarar karatu, sabbin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sukan cika kantunan littattafai da kuɗinsu a hannu, wasu kuma su koma gida da littafin da malami bai ce a saya ba. Maganin wannan shi ne ka jira darasin farko na kowane fanni. A nan malami zai faɗi wanda ya zama dole, da wanda za ka iya arowa a ɗakin karatu, da abin da takardun darasinsa suka riga suka wadatar.

Abu huɗu za ka rubuta game da kowane littafi: sunan marubuci, cikakken sunan littafin, kamfanin da ya buga shi, da bugu na nawa ne. In ka samu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ta fi komai. Tana bayan littafi, saman layukan nan baƙaƙe. Tun 2007 alƙalumanta 13 ne, tana farawa da 978 ko 979, kuma kowane sabon bugu da tasa. Littattafan Faransanci irin na kamfanonin Dunod da De Boeck sukan zo kashi-kashi, na ɗaya da na biyu, wani lokaci littafin darasi daban, na aikin gwaji mai amsoshi daban, bangonsu kuma kusan iri ɗaya. Nan ake yawan faɗawa rami.

Batun bugu ya danganta da fanni. Lissafi da kimiyyar fizik na shekarar farko ba su cika sauyawa ba, tsohon bugu zai yi, sai dai lambobin shafi da na tambayoyi su saɓa da na malami. Ɗalibin likitanci kuwa ya nemi sabo, domin shawarar magani da awonsa suna canzawa.

Idan an miƙo maka littafin, kada ka yi gaggawa. Buɗe shi a tsakiya ka dubi ƙashin bayansa. Wanda aka ɗinka da zare yana jure wahala. Wanda aka liƙa da gam mai arha, zafin watan Afrilu kan busar da gam ɗin, ganye su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ka bi lambobin shafi da yatsa. Ana haɗa littafi ne damƙi-damƙi, galibi shafi 16 ko 32, don haka in an tsallake damƙi guda za ka ga lamba ta yi tsalle, misali daga 96 zuwa 113. Duba hotuna kuma. Na jabu yakan mayar da hoto mai launi baƙi da fari, kuma zanen jijiyoyin jini da babu ja da shuɗi a cikinsa ba ya koyar da kowa komai. Haka ma hoton cutar ganyen gero ga ɗalibin aikin gona.

Littafin da ya shigo daga Kano ko Katsina yakan fi sauƙin kuɗi, amma da Turanci yake, jarrabawa kuwa da Faransanci za ka rubuta. Riƙe shi don ƙarin bayani kawai.

In babu littafin a gari, mai kanti zai ce ya yi maka odarsa daga Yamai. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, a rubuta ISBN da ranar zuwa a rasit. Kafin ka biya, ka tambaya: “Alhaji, in malam ya ce ba shi ba ne, za a musanya mini?” Kada ka rubuta sunanka a ciki sai malamin ya gani.

Sauran kayan ba su da wuya. Ƙunshin takardar A4 ganye 500 ne, mutum uku za su iya haɗa kuɗi su raba. Rigar ɗakin gwaji ta zama ta auduga, domin ta leda narkewa take yi ta manne a fata in wuta ta taɓa ta. Na'urar lissafi kuma, ka danna kowane maɓalli a gaban mai kanti, ka kuma fara tambayar malami ko irinta na shiga ɗakin jarrabawa.