Yadda Ake Turkar Ragon Layya a Gida

Turkar rago wata 3 take so, ko 4 in ya zo a rame. Wanda ke son ragonsa ya cika ido ranar Babbar Sallah, tun farkon azumi ya kamata ya nufi kasuwa, ko Wudil ce, ko Maigatari, ko Mai'adua.

Fara da zaɓe, kuma kada ƙaho ya ruɗe ka. Buɗe bakinsa ka duba haƙoran ƙasa. In ka ga manya guda 2 a tsakiyar ƙananan, ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, lokacin da ya dace da turka ke nan. Ja fatar idonsa ta ƙasa: in ja-ja ce, madalla, in fari fat ce, jini ya yi ƙaranci. Mai majina, mai zawo a gindi, mai ɗingishi ko ido ɗaya, bar wa mai shi. Balami da Uda suna da ƙashi da tsayi, amma suna da ci. In aljihunka bai da nauyi, ɗauki Yankasa, ya fi jure wahala.

Da ka kawo shi, ɗaure shi shi kaɗai a rumfa mai inuwa na mako 2, nesa da sauran dabbobi. A nan za ka kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya duba kaska, ya yi masa rigakafin cutar PPR mai kawo mura da zawo. Ragon da ke da tsutsa, ita kake ciyarwa da dusarka.

Sai abinci, inda yawancinmu ke yin asara. Cikin rago da ciyawa ya saba, don haka harawar wake ko ta gyaɗa ce ginshiƙi, kada ta yanke a gabansa. Dusa kuwa da tafin hannu ake farawa, safe da yamma, a dama da ruwa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 10 ko 14, sannan a haɗa da kowar wake. Na taɓa zuba wa wani Uda rabin kwanon dawa kwana 2 da sayensa, don ɗokin ya yi ƙiba. Da asuba na tarar cikinsa na hagu ya kumbura kamar ganga, ya daina tuƙa, yana cizon haƙora. Kafin malami ya iso sai da muka sa wuƙa. Har yau abin na ci mini rai, domin da hannuna na jawo.

Ruwa mai tsabta ya wuni a kusa da shi, tare da ɗan gishiri ko kanwa ta lasa. Dusa da yawa ba wadataccen ruwa tana toshe wa rago fitsari. In ka ga yana yunƙuri ba ya yi, kada ka jira gobe.

Share turken kullum, ka tara takin don gona, ka tsince duk wata leda, yara kuma su san ba a jefa masa ita. Kowace safiya tsaya ka kalle shi: yana tuƙa? Kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne?

In Sallah ta matso, kada a yi masa allura ko ɗura ba tare da an tambayi malamin kwana nawa maganin ke ɗauka kafin ya fita daga nama ba.