Yadda ake shirya taron ganawa da marubuci a cikin gari

Abu uku ne ke riƙe da taron ganawa da marubuci: jama'a su ji abin da ake faɗa, lokaci ya tafi yadda aka tsara, littafin kuma ya kasance a wurin don mai son saye. Kwalliyar zaure da jerin manyan baƙi duk ƙari ne. In ɗaya daga cikin ukun nan ya tangarɗe, ko da zauren ya cika maƙil, mutane za su watse ba su ƙaru da komai ba, kuma da wuya su amsa gayyata ta gaba.

Ku fara tsayar da rana kafin ku nemi zaure. A bar mako takwas tsakanin ranar da marubuci ya amsa gayyata da ranar taro, in an matsu shida, domin kawo littattafai daga kamfanin ɗab'i kaɗai yana iya cin rabin wannan lokaci. Kafin ku sanar, ku tuntuɓi ɗakunan karatu, makarantu, shagunan littattafai da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na garin, ku ji abin da suka shirya a makon. Masu zuwa irin waɗannan taruka kusan mutane ɗaya ne, kuma taro biyu a yammaci ɗaya raba su kawai zai yi. Akwai ranakun da duniya ta ware wa harshe da karatu: 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, 21 ga Maris ta waƙe, 23 ga Afrilu ta littafi wadda hukumar UNESCO ta tsayar a 1995, sai 8 ga Satumba ta yaƙi da jahilci. A irin waɗannan ranaku 'yan jarida na neman labarin da ya dace, amma kowa ma a ranar yake nasa taro. Shawararmu ita ce ku yi naku a cikin makon, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta.

Gayyatar marubuci a rubuce take. Wasiƙar ta faɗi rana da lokaci da wuri, tsawon taron, ko karatu zai yi ko tattaunawa ko duka biyun, wa zai biya kuɗin mota da masauki, nawa ne ladansa da ranar da za a biya, ko za a ɗauki murya ko bidiyo, da wanda zai kawo littattafai. Marubucin da ya bar aikinsa ya zo ya yi magana aiki ya yi, ya cancanci a biya shi. In babu kuɗi, a faɗa masa tun a wasiƙar farko ya zaɓa da kansa. Abin da ba shi da daɗi shi ne a yi shiru a kan maganar har sai an tashi daga taro.

Game da zaure, ƙarami da ya cika ya fi babba da ke da kujeru fanko. A taron da shiga kyauta ce, ba duk wanda ya yi rajista ke zuwa ba, don haka ku jera kujeru kamar biyu bisa uku na adadin masu rajista, sauran a tara su a baya, a riƙa ƙarawa in an buƙata. Ku lissafa kusan murabba'in mita ɗaya ga kowane mutum, har da hanyar wucewa, hanyar tsakiya kuma kada faɗinta ya gaza mita ɗaya da 'yan kai, yadda keken guragu zai wuce. Ku je ku duba wurin a irin ranar da irin lokacin da za a yi taron, don ku ji ƙarar da ke shigowa daga titi ko maƙwabta. Wani ya tsaya a tsakiyar zauren ya tafa hannu sau ɗaya. In ƙarar ta dawo tana amsawa, bango da tayil da gilashi ne ke mayar da sauti, kuma magana za ta cakuɗe a kunnen na baya. Labule mai kauri da kafet suna rage wannan. Ku lura da inda ƙofar shiga take. In tana kusa da dandamali, duk wanda ya makara sai ya ratsa ta gaban marubuci, to sai a juya kujerun yadda ƙofar za ta koma baya. Ku tambayi mai zauren adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka da kuma ko dokar garin na buƙatar izini, kuma kada a tare ƙofar fita da tebur ko kwali.

Sauti ne inda taruka da yawa ke mutuwa, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Da zarar masu sauraro sun haura talatin, ana buƙatar makirufo, ko da marubucin ya ce muryarsa na da ƙarfi. A tanadi uku: na marubuci, na mai jan tattaunawa, da na masu tambaya. Na marubuci ya zama a kan sanda, domin hannuwansa biyu na riƙe da littafi. Tazarar baki da makirufo kamar faɗin yatsu huɗu ce. Tsuwwar nan mai huda kunne tana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fitowa daga lasifika ya sake mayar da shi ciki, ya yi ta zagayawa. Maganinta a ajiye lasifikoki gaba da inda masu magana ke zaune, suna fuskantar jama'a, a ɗaga su sama da kawunan na zaune. In tsuwwar ta taso ana cikin taro, a rage ƙarfi, mai magana ya matso da bakinsa. Kada ya dunƙule kan makirufo da tafin hannu, wannan ƙara ta yake yi. Gurnani mai ɗorewa a cikin lasifika kuwa yawanci daga wayoyi ne: ko an jera wayar sauti tare da ta lantarki, ko an jona kayan a soket daban-daban. A raba wayoyin, a jona kayan sauti duka a wuri ɗaya, a manne wayoyin a ƙasa da tef don kada wani ya yi tuntuɓe. Makirufo maras waya a sa masa sabon batir a ranar, a ajiye wani a aljihun mai kula da sauti, na'urar da ke karɓar saƙonsa kuma ta kasance a fili ba a bayan bango ko cikin akwati ba, in ba haka ba murya za ta riƙa yankewa. Gwaji ya zama awa ɗaya kafin buɗe ƙofa, mutum ɗaya yana zaune a layin ƙarshe yana faɗin abin da ya ji. Ku tuna jikin mutane na shanye sauti, don haka abin da ya isa a zaure fanko zai buƙaci ɗan ƙari in an cika. A ajiye ƙaramar lasifika mai caji ko da wuta za ta ɗauke.

Zaman kansa kada ya wuce minti saba'in da biyar: biyar na maraba da gabatar da baƙo, goma zuwa goma sha biyu na karatu, kusan talatin da biyar na tattaunawa, ashirin na tambayoyin jama'a. Sa hannu a littattafai yana biyo baya. Mai karatu a bayyane yana yin kalma 130 zuwa 150 a minti ɗaya, ke nan karatun minti goma bai wuce kalma 1,500 ba, shafi biyar ko shida na yawancin littattafai. Ku roƙi marubucin ya zaɓi wurin da ba ya buƙatar dogon bayani kafin a fahimta, wanda kuma ba ya tona ƙarshen labari, ya gwada shi da agogo a gida. In rubutun littafin ƙanana ne, a buga masa shafukan da manyan haruffa a takarda.

Jawabai su ne babban ɓarawon lokaci. Shugaban ƙungiya ya yi nasa, mai ɗaukar nauyi ya yi nasa, babban baƙo ya yi nasa, kafin a zo kan marubuci rabin zaman ya tafi kuma jama'a sun gaji. Mai gabatarwa ya gode wa kowa da sunansa cikin minti ɗaya, ya wadatar. In dole ne wani ya yi magana, a ba shi minti biyu, a faɗa masa tun kafin ranar. Kuma a fara a kan lokaci. Jinkirin da ya wuce minti goma hukunta waɗanda suka zo da wuri ne, kuma a taro na gaba su ma za su makara.

Mai jan tattaunawa dole ya karanta littafin daga farko har ƙarshe. Masu sauraro na gane wanda bangon baya kawai ya duba. Ya shirya tambaya goma sha biyu, ya san bakwai ko takwas zai yi, gajeru, kowacce a kan abu ɗaya. Tambayar da ta fito daga wani shafi takamaimai, me ya sa wannan babi ya ƙare a nan, me ya sa wance ta yi shiru a wancan wuri, ta fi buɗe bakin marubuci fiye da tambayar yadda ya fara rubutu, wadda ya amsa sau ba adadi. A aika masa jigogin da za a taɓa, ban da ainihin tambayoyin, don kada amsoshinsa su zama hadda, a kuma tambaye shi ko akwai abin da ba ya so a tayar. Su haɗu rabin awa kafin a fara. Kujeru biyu a ɗan karkace, suna kallon juna da jama'a, ƙaramin tebur da ruwan sha a tsakani, mai kula da lokaci kuma a layin gaba da kwali mai rubutun "saura minti 5".

Kafin a buɗe tambayoyi a faɗi ƙa'ida: mutum ɗaya tambaya ɗaya, cikin rabin minti. Mai zagayawa da makirufo kada ya sake shi, ya riƙe wa mai tambaya. Wanda ya karɓe shi a hannunsa sau da yawa lacca yake farawa. Shirun farko ba abin tsoro ba ne, amma yana da kyau a san mutum ɗaya da ya shirya tambaya don ya buɗe hanya. Mai jan zaman ya maimaita kowace tambaya a taƙaice don na baya su ji, ya riƙa ɗauka daga kowane ɓangare, kada ya tsaya kan layin gaba da masu ƙarfin murya. In batun littafin mai nauyi ne, a raba 'yan takardu a rubuto tambaya ba suna. Wanda ya zo da faɗa a bar marubuci ya amsa masa sau ɗaya, a wuce. A sanar in saura tambaya biyu.

Littattafai su iso mako guda kafin taro. Wajen oda a yi amfani da lambar ISBN mai lambobi 13 da ke bayan littafin, don kada a kawo tsohon bugu. A buɗe kwalayen a ƙirga, a duba ko akwai mai shafi a juye ko wanda ya ɓace. A ƙiyasta kwafi ɗaya ga kowane mutum uku ko huɗu da ake sa ran zuwansu, a kuma rubuta yarjejeniya da mai kawowa cewa abin da bai saidu ba zai koma. Teburin sayarwa daban, na sa hannu daban. Na sayarwa ya kasance kusa da ƙofa, a buɗe tun kafin a fara, farashi a rubuce ɓaro-ɓaro, mutum biyu a kai, ɗaya na karɓar kuɗi ɗaya na rubutawa. A tanadi canji, a kuma gwada biya ta waya a cikin zauren, domin wasu gine-ginen na toshe sabis. A layin sa hannu, wani ya riƙa rubuta sunan kowa a guntun takarda ya sa a shafin take, don kada marubuci ya kuskure suna ya ɓata kwafi. A ba shi biro mai saurin bushewa da wasu biyu na ko-ta-kwana. Kowane mutum na cin kusan minti ɗaya, mutum arba'in minti arba'in ke nan, sai a kama zauren da wannan lissafi.

Sanarwa ta ƙunshi wa, me, yaushe, ina, da ko akwai kuɗin shiga. A rubuta sunan ranar tare da kwanan wata, mutum biyu su duba kalanda su tabbatar sun dace. A fitar da ita saura mako huɗu, a tuna saura mako ɗaya, a sake tunawa ana gobe. In an sa fosta a Facebook ko WhatsApp, a rubuta bayanin a ƙasanta ma, don a iya kwafa. Gayyata kai tsaye ga malamai da ƙungiyoyin masu karatu ta fi fosta cika kujeru.

In ganawar wani ɓangare ce na babban bikin al'adu mai kiɗa da wasan kwaikwayo, a sa ta kafin kiɗa, a ɗakin da ke nesa da dandamalin makaɗa, a bar minti goma sha biyar tsakanin shiri da shiri don sauya kaya. In za a fassara wa kurame da maganar hannu, a nemi mutum biyu su riƙa karɓar juna duk bayan minti ashirin, a ba su shafukan karatun tun da wuri, su tsaya inda haske yake. Ɗaukar bidiyo sai da yardar marubuci, a liƙa sanarwarsa a ƙofa, hoton yara kuma sai da yardar iyayensu.

A ware mutum ɗaya da aikinsa kawai kula da marubuci, ya tabbatar ya iso minti arba'in da biyar kafin lokaci. In wani uzuri ya hana shi zuwa, a sanar da masu rajista nan take, a zaɓi ɗaya: a haɗa shi ta bidiyo, ko wani ya karanta shafukan a tattauna, ko a ɗage. Bayan an tashi, a ƙirga ragowar littattafai da kuɗi a gaban mai kawowa kafin a bar zauren, kowa ya sa hannu. A biya marubuci a ranar da aka yi alkawari. A rubuta adadin masu rajista, na waɗanda suka zo, da kwafin da aka sayar, domin da su za a ƙiyasta kujeru da littattafan taro na gaba.